Kwale-kwale a Hanyar Dabaga

Ruwan da ya ci ƙanena Tijjani ba a kanmu ya sauka ba. A Agadas ranar ko hadari babu. Can cikin duwatsu aka yi shi, ya taru ya gangaro ta kori, busasshen rafin nan, ya tarar da Tijjani a bakin garkarsa, lambunsa na ƙauyen Dabaga, yana ƙoƙarin janye motopom ɗinsa na ban ruwa daga yashi. Waɗanda suka gani sun ce sun yi masa ihu. Ya ɗago kai ya dube su, ya sake sunkuyawa kan injin. Shi ke nan.

Da ruwa ya janye aka bi kori da ƙafa, ba a same shi ba. Rawaninsa kawai aka tsinta a jikin wata ƙaya, a bakin ramin da kamiyoyi, manyan motoci, suke ɗiban tsakuwa. Ramin ya cika ya zama tafki. Faɗinsa ya kai filin ƙwallo, zurfinsa kuwa ba wanda ya sani. Mutanen garake ba su iya iyo ba. Mu na gari ma haka. A ina za mu koya?

Ni na kai wa matarsa Nafi rawanin a gidansu na unguwar Dagmanet. Mata sun cika tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, ana jiran wanda zai ce a fara kuka. Ta karɓa, ta juya shi, ta ajiye gefe.

"Yaya Gambo, mi ne ne wannan?"

"Rawaninsa."

"Na gani. Shi fa?"

"Ana nema."

"To in an samu sai a faɗa mini. Ni ba rawani na aura ba."

Wata tsohuwa ta matso za ta cire mata 'yan kunne, ta ce takaba ta hau kanta. Nafi ta riƙe hannun tsohuwar.

"Inna, bari. Ba a yi masa salla ba, ba a sa shi ƙasa ba. Takabar wa zan zauna?"

Haka ta kwana ta wuni, da 'yan kunnenta, ba ta kuka, ba ta ci. Ba matar aure ba ce, ba kuma mai takaba ba. Ni ma ban yi kuka ba. Ban ji komai ba, gaskiya. Jikina ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Abu ɗaya kawai na sani: sai an fito da shi an binne shi yarinyar nan za ta samu wurin zama.

Ina da kwale-kwale. Duk unguwarmu an sani, ana ma yi mini dariya da shi. Tun lokacin da nasaru suke zuwa yawon buɗe ido wani ya biyo da shi a bayan katkat ɗinsa, wai zai je kamun kifi a kogin Kwara. Motarsa ta lalace, ya bar mini jirgin da remok ɗinsa, tirelar da ake jansa a kai, a garajina, ya ɗauki injin jirgin ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Na ja shi bayan ɗaki, matata Ramatou ta ga yana riƙe ruwa, ya zama wurin shan tumakinmu. Na sanholo ne, ba ya tsatsa.

Na kira Lukumanu. Tare muka yi hanyar Dirku shekaru, ni ina tuƙi yana gefena, kafin ya wuce Libiya ya yi wa wani Balarabe mai kamun kifi aiki a bakin teku. Shi kaɗai na sani wanda ya taɓa sa jirgi cikin ruwa ya fito da shi. Ya zo ya tsaya yana kallon tumaki suna sha.

"Na rantse ba zan sake taɓa irin wanga abu ba," in ji shi.

"Ka yi kaffara."

Lukumanu ya sunkuya. Ya cire toshin da ke gindin jirgin, ruwan tumaki ya tsiyaye, ya mai da shi ya daddanna. Remok ɗin ba shi da shimfiɗar katako kamar na kaya. Wasu 'yan gare-gare ne na roba jere a layi biyu, jirgin yana kwance a kansu, sai manibel a gaba mai naɗe igiya, da ƙugiya a bakin igiyar maƙale a hancin jirgin. Yashi da kashin tumaki sun cushe gare-garen, ko motsi ba sa yi. Muka kankare, muka zuba musu baƙin mai har suka riƙa juyawa da ɗan yatsa. Na ɗaure jirgin da igiyoyi ta ko'ina yadda nake ɗaure kayan Dirku. Na jefa a mota felu biyu na kwasar yashi, da tol ɗin da muke sa wa mota in ta kafe a yashi, da bash na rufe kaya.

Ramatou ta leƙo. "Tumakin fa, a ina za su sha?"

Na maƙala remok a mota muka fita.

A hanya mutane suna ta waiwaye. Wani mai moto, wato babur, ya jera da mu yana dariya.

"Patoron, teku ta ƙaura Dabaga ne ba mu ji ba?"

Lukumanu ya leƙa ta taga ya ce masa wani abu game da uwarsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Saurara, Gambo. Wanga ba kamiyo ba ne. Kaya a kamiyo kwance suke, ko ka kwance igiya suna nan. Wanga a kan gare-gare yake, kuma mun sha musu mai. A gangara ƙugiyar hancin nan ita kaɗai ke riƙe shi. Ba a cire ta sai gindinsa ya taɓa ruwa."

"Na ji."

"Ka ji, ko ka ce ka ji?"

"Na ji."

A bakin ramin muka tarar da Agali, dattijon da garkarsa take maƙwabtaka da ta Tijjani, shi da mazan garake. Suka yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ina miƙa hannu. Lukumanu ya ɗauki sanda ya sauka duba inda gangarar ta fi tauri.

A wurinmu in mota ta tsaya da kaya, kowa sa hannu yake. Balle mai motar an yi masa rashi. Abin kunya ne a tsaya ana kallonsa yana kwance igiya da kansa. Kafin in fito daga mota sun rufe remok ɗin, sun kwance komai, sun nannaɗe igiyoyin tsaf kamar an gama sauke buhunan albasa. Agali da hannunsa ya zare ƙugiyar, ya rataye ta a jikin manibel don kar ta ja ƙasa.

Ni kuwa ina can ina kallon wani abu. A ƙarƙashin wata bagaruwa ga motopom ɗin Tijjani. Sun same shi a yashi, sun wanke, sun goge, sun ɗora shi kan buhu. Injin bai yi komai ba. Ko hannun ja bai karye ba. Na daɗe ina kallonsa. Da na juyo idona ya sauka kan ƙugiyar tana lilo. Na gan ta sarai. Ba ta ce mini komai ba.

Lukumanu ya ɗaga mini sanda daga can ƙasan gangara, na shiga mota na fara ja da baya. Ƙafafun remok suna faɗawa gangara na ji motar ta yi sauƙi. Sai ƙara, kamar an jefo tano, gangar mai, daga saman kamiyo. Jirgin ya sulale ya daki tsakuwa da gindi, ya ja ciki ya tsaya a busasshiyar ƙasa, tsakaninsa da ruwa da sauran tafiya.

Lukumanu ya hauro da gudu.

"Wa ya cire? Wane mai albarka ne ya cire?"

Agali ya ce, "Ni ne, ɗana. Na ga an iso."

"Ba a iso ba, Baba! Jirgi ba ya isowa sai cikin ruwa!"

Ya dube ni. Na ɗauka zai zage ni. Sai ya durƙusa duba gindin jirgin. Gindin ya lotsa, kuma wurin haɗi ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa. Na je mota na ɗauko sabulu. Da shi muke liƙe tankin mai in ya fashe a daji.

"Mi za ka yi da wannan?"

"Liƙi."

"Sabulu. Cikin ruwa. Gambo, wanka za mu yi masa?"

Wasu suka yi dariya, suka tuna, suka haɗiye. Aka hura wuta, aka narkar da bakin wani tsohon bido na roba aka shafe tsagar ciki da waje. Rana tana ta hawa. Sannan dole a mai da jirgin kan remok, don jansa a kan tsakuwa zai ƙara yaga shi. Muka maƙala ƙugiya, na kama manibel, maza suka ɗaga gindin. Yana cikin hawa wani abu ya yi ƙas. Ɗan haƙorin ƙarfen da ke hana manibel komawa baya ya karye. Daga nan in ka saki hannu, jirgi ya tafi.

Karo na biyu Lukumanu ya riƙe manibel da kansa yana tafiya gefen remok. Muka shimfiɗa tol a kan laka. Duk rayuwata ina kare ƙafafun mota daga ruwa, ga shi ina tura su ciki da gangan.

"Ƙara. Ƙara. Kar ka ji tsoro, ƙara. Tsaya!"

Ya sassauta igiyar a hankali. Gare-garen suka juya, jirgin ya sauka kan ruwa ba ko ƙara, ya tsaya yana ɗan rawa. Abin da ya yi shekaru ruwa yana cikinsa, yau shi ne cikin ruwa.

Muka ƙulla igiyoyin kaya suka zama guda mai tsawo, muka ɗaura a hancinsa, muka bar wa mazan bakin gaɓa ɗaya bakin. Agali ya miƙo mini ƙugiyar rijiyarsa, mai yatsu da yawa, wadda suke ciro guga da ita in ya faɗa.

"Duk abin da ya faɗa mini ita ke fito da shi," ya ce. "Allah ya sa a dace."

Ban taɓa hawa ruwa ba. Ƙasa ba ta tsaya wuri ɗaya a ƙarƙashina ba, amma ban ji tsoro ba. Da felu muka riƙa tuƙi. Da fari zagaye kawai muke, don hannuna ya fi na Lukumanu ƙarfi.

"Ba rami kake haƙa ba, jaki. Shafa ruwan za ka yi."

Ruwan ja ne kamar kunun kanwa da aka zuba wa ƙasa, ba ka ganin ko tafin hannunka a ciki. Ina jefa ƙugiya, ta nutse, mu ja a hankali. Ta kamo reshen dabino. Ta kamo tiyo. Ta kamo matacciyar akuya, muka sake ta. Liƙin bidon yana ɗan tsatsafa, Lukumanu yana kwashewa da gwangwani. A bakin gaɓa suka yi azahar muna ganinsu. Mu muka yi tamu a zaune.

Wajen da ruwa ya karya kwana, inda wata ƙaya ta nutse sai kanta ake gani, ƙugiyar ta yi nauyi. Ba irin nauyin itace ba. Na ja, ya biyo. Lukumanu ya kau da kai.

"Na ga irin wannan da yawa a bakin teku," ya ce. "Kar ka dubi fuska."

Ban duba ba. Rigar na duba. Tsohuwar rigar garajina ce mai shuɗi, wadda na ba shi don aikin garka, da ƙunar batir a aljihu. Rassan ƙayar ne suka riƙe shi a ƙasa.

"Shi ne?"

"Rigata ce."

Muka zura bash ta ƙarƙashinsa, muka naɗe, muka ɗaure. Lukumanu ya kwanta a ɗaya gefen don kar jirgi ya kife, ni na jawo shi ciki kaɗan-kaɗan. Ya yi nauyi ƙwarai. Tijjani da nake ɗagawa da hannu ɗaya muna yara. Na ɗaga felu sama, mazan suka fara jan igiya.

Da muka iso gaɓa suka shigo laka har gwiwa za su ɗauke shi. Agali ya tsai da su. Ya ɗaga gefen bash, ya duba, ya mayar.

"Kar a yawaita taɓa shi. Jikin ba zai jure hannu ba. A bar shi inda yake har gida."

Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, a jawo mutum da manibel? Kamar kaya?"

"Kana da wata dabara?"

Na koma mota na sake tura remok cikin ruwa har gare-garen baya suka nutse. Lukumanu ya daidaita hancin jirgin tsakanin layin biyu, ya maƙala ƙugiya, ya gwada ta da ƙarfi, ya sake gwadawa. Na kama manibel.

Yanzu da nauyi, kuma ba haƙori. Duk juyi ɗaya in na yi sako-sako hannun ƙarfen zai ƙwace, jirgin ya koma ruwa da shi. Na juya. Gare-garen suna kuka ɗaya bayan ɗaya yadda jirgin yake hawa kansu. Maza suka sa kafaɗa a gindinsa suna turawa, suna la'ilaha illallahu kamar yadda ake yi a bayan makara. Laka ta cinye wa wani takalmi, bai tsaya nema ba. Hancin jirgin ya zo ya daki robar gaba ya tsaya.

Lukumanu ya ɗaure shi da igiyoyi gaba da baya, ya zagaya ya jijjiga.

"Ya ɗauru. Saki."

Na ciro makulli da hannun hagu na ba shi. Ban taɓa ba kowa motata ba, shi ma ya sani.

"Gambo, na ce ya ɗauru. Ko raƙumi ne ba zai motsa ba."

"Tuƙa."

Ya dube ni, ya karɓa. Na zauna kan ƙarfen remok tsakanin mota da jirgi, hannuna a kan manibel. Na ga yadda ya sulale da safe. Igiyoyi ma da safe an ɗaure su.

A hankali ya tuƙa. Hanyar Dabaga duk gargada ce da ƙananan korai da ruwa ya yanka. Duk ramin da muka faɗa sai in ji jirgin ya ɗan ja, ko kuwa ni nake jin haka. Hayaƙin mota yana dukan fuskata. Ƙudaje suka biyo mu. Ban yi tunanin Tijjani ba. Ina tunanin haƙorin nan da ya karye, ko za a iya walda, ko sai an sassaƙa sabo. Abin da ke kaina ke nan har muka hango hasumiyar masallaci.

A bakin gari masu moto suka fara dariya daga nesa. Da suka matso suka ga bash, suka ga mazan Dabaga a bayan mota ba mai magana, sai suka rage gudu suka bi bayanmu. Har muka shiga Dagmanet ana ƙaruwa.

Muka tsaya ƙofar gidan. Liman, Malam Haruna, yana nan zaune da mutane. Aka shiga aka faɗa. Nafi ta fito da lulluɓi, mata na riƙe ta tana zamewa.

"Ina yake?"

Na ce, "Ga shi nan. Fuska ba ta ganuwa."

"Ban ce fuska ba."

Ta zo jikin jirgin. Malam Haruna ya ɗan ɗaga bash ta wajen ƙirji. Ta ga shuɗin rigar da ƙunar aljihun. Ita ta sha wanke ta. Sannan ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya, ɗaya, ta waiga ta miƙa wa tsohuwar nan. Sai a lokacin aka fara kuka cikin gida.

Kafin ta shiga ta dube ni inda nake zaune.

"Yaya, ya iso. Saki."

Na ce wa hannun ya buɗe, bai buɗe ba. Lukumanu ya zo ya riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya yana gunaguni. Manibel bai motsa ba. Jirgin ma bai motsa ba.

Malam Haruna ya ce ba za a cuɗa shi ba, zuba ruwa kawai za a yi, kuma kar a sauke shi sai an sa likkafani. Aka tura remok cikin zaure, aka kare da zannuwa. Aka ɗaga gabansa aka ɗora kan turmi don ya karkata. Na cire toshin gindi. Malam yana zubawa, ruwan yana bin cikin jirgin yana fita ta ramin, yana bin ƙasa zuwa waje. Ni nake miƙa buta da hagu, don hannun dama bai dawo ba tukuna.

Muka yi masa salla, muka sa shi ƙasa rana ba ta faɗi ba.

Da safe na jawo jirgin gida na mai da shi wurinsa a bayan ɗaki. Tumaki suka rugo suka kewaye shi, suna leƙa ciki suna kuka. Ramatou ta fito da bokiti a hannu, ta tsaya.

"In zuba?"

"Sa musu a baho."

Ta zuba a baho ta ajiye can gefe. Ba su je ba. Suka tsaya jikin jirgin suna jira.